Yappari: Kalmar Japananci da mutumin Wonaka ya riga ya san ma'anarta

A ranar 22 ga Agustan 2025, wata sanarwa daga Fadar Shugaban Najeriya ta karaɗe wayoyin matasa. Sanarwar ta ce Japan ta ware birnin Kisarazu a matsayin "gida" ga 'yan Najeriya, kuma za ta fito da biza ta musamman domin matasa masu ƙwarewa da ke son zuwa can su zauna su yi aiki.

Kafin gari ya waye labarin ya bi WhatsApp da Facebook da TikTok. A jiha irin Zamfara, inda noma ya zama kasada kuma aikin gwamnati sai mai uwa a gindin murhu, ba sai an yi wa matashi dogon bayani ba. Daga Gusau zuwa Tsafe da Bungudu, har gundumomi irin su Wonaka da Mada, duk mai waya da 'yar data yana iya buɗe taswira ya ga inda Kisarazu yake: wani birni ne a lardin Chiba, a tsallaken tekun da ke gaban Tokyo.

Ba a rufa mako ba Ma'aikatar Harkokin Wajen Japan ta fito ta ce babu wata biza. Abin da aka yi a gefen taron TICAD karo na 9 a Yokohama shi ne, hukumar JICA ta haɗa birane huɗu da ƙasashen Afirka huɗu domin musayar ziyara da al'adu: Kisarazu da Najeriya, Nagai da Tanzaniya, Sanjo da Ghana, Imabari da Mozambik. An zaɓi Kisarazu ne saboda alaƙarsa da tawagar Najeriya tun lokacin gasar Olamfik ta Tokyo. Fadar Shugaban Ƙasa ta janye sanarwarta, ta saka wata da babu zancen biza a ciki. Ranar 25 ga Satumba kuma shugaban JICA, Tanaka Akihiko, ya sanar da soke shirin baki ɗaya.

Duk wanda ya yi shakkar labarin tun farko, kalma biyu ta ishe shi: "Ai dama." Bazamfare zai ƙara da cewa, "Dama na hwaɗi."

Da Bajapane ne, kalma ɗaya zai furta: yappari.

Me ya kai Bahaushe ga wannan kalma?

Bizar Kisarazu ba ta taɓa wanzuwa ba, amma Japan na neman ma'aikata da gaske. Yawan jama'arta na raguwa, tsofaffi na ƙaruwa, shi ya sa a watan Afrilun 2019 ta buɗe wani rukunin biza na ƙwararrun ma'aikata a fannoni irin su noma da gine-gine da kula da tsofaffi. Sharaɗin farko shi ne harshe. Jarrabawar Japananci da aka fi sani, wato JLPT, tana da matakai biyar, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1, kuma wannan biza na buƙatar aƙalla N4 ko wata jarrabawa makamanciyarta.

Mai koyo ta waya yakan fara da haruffa: hiragana 46, katakana 46, sannan kanji, wato haruffan da aka aro daga Sin, waɗanda gwamnatin Japan ta ware 2,136 daga cikinsu domin amfanin yau da kullum. Wannan aikin hadda ne, kuma yaron da ya tashi da allo bai cika jin tsoron hadda ba. Inda ake yin tuntuɓe shi ne ƙananan kalmomin da ba su da hoto. Ana iya nuna wa ɗalibi hoton akuya ko na gida, amma ba a iya nuna masa hoton "ai" ko "dai" ko "ashe".

Yappari na cikin wannan rukuni. A nahawu bayanau ce. Yawancin darussan waya ta Turanci suke bi, kuma ƙamusun Turanci yakan jera mata fassara huɗu ko biyar da ba su yi kama da juna ba, sai ɗalibi ya haddace su kamar kalmomi daban-daban. A nan Bahaushe yana wahalar da kansa a banza, domin ya bar hanya a ƙofar gidansa ya zagaya ta Ingila.

Fuska uku, zuciya ɗaya

Fuskar farko ita ce wadda kowa ke fara koya: abin da aka zata ya tabbata. Manomi ya ga hadari ya haɗu a gabas, iska ta sauya, ya ce wa yara su kwashe shanya. Can sai ruwa ya kece. Bajapane zai ce, "Yappari futta." Bahaushe ya ce, "Ai dama, ga shi nan ya sauko."

Fuska ta biyu ita ce ta mutumin da ya zagaya ya dawo. Ɗan ci-rani ya yi wata biyar a Legas yana cin abincin sayarwa, ya dawo gida aka ajiye masa tuwon dawa miyar kuka. Bayan loma ta farko zai ce, "Gida dai gida ne." Japanawa na cewa, "Yappari uchi ga ichiban", wato gida dai shi ne na ɗaya. Ba wani hasashe aka yi ba a nan. Abin da aka sani tun da can ne ya sake tabbata bayan an gwada waninsa, kuma "dai" ɗin Hausa ta ɗauke nauyin tsaf.

Fuska ta uku ce mai kayar da ɗalibi. Mutum ya zauna a teburin mai shayi ya ce a haɗa masa shayi, kafin a ɗauko kofi sai ya ce, "Kai, bar shi, ba ni kunu dai." Wannan ma yappari ce. "Yappari kōhī ni shimasu" na nufin na sake shawara, gahawa zan sha. "Yappari yamemasu" kuwa, na fasa.

Ta yaya kalmar da ke nufin zato ya tabbata za ta koma nufin an fasa? Amsar ita ce, a duka ukun zuciya ce ta koma inda take tun farko. Mai shayin bai sani ba, amma shi mai saye kunu ne a ransa tun da ya zauna, baki ne kawai ya riga zuciya. Bajapane idan ya ce "yappari yamemasu", yana nuna cewa dama can akwai 'yar shakka a ransa, yanzu ta yi rinjaye. Hanya ce ta janyewa ba tare da ya ɗora wa kowa laifi ba.

Haɗarin a bayyane yake. Ɗalibin da ya san fuskar farko kawai, da ya ji mai ba shi aiki ya fara da yappari sai ya saki murmushi, yana zaton an tabbatar masa. Ga shi kuma a Japananci aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, korewa ma a can take maƙale. "Ikimasu" zan je ne, "ikimasen" ba zan je ba. Wanda bai jira gaɓar ƙarshe ba, sai ya yi godiya a kan abin da aka hana shi.

Abin da JICA ta yi a watan Satumba ya yi kama da wannan fuska ta uku. Ofisoshin biranen huɗu sun sha kiran waya da saƙonnin ƙorafi daga Japanawan da suka yarda da jita-jitar cewa za a cika musu gari da baƙi. Wata guda kafin taron, jam'iyyar Sanseito mai taken fifita Japanawa ta samu kujeru 14 a zaɓen majalisar dattawa. Ga masu irin wannan ra'ayi, sanarwar Abuja ta zo ne a matsayin tabbacin abin da dama suke zargi. Kuskure ɗaya ya ba mai shakka a Gusau da mai ƙyamar baƙi a Chiba damar cewa sun faɗa.

Akwai kuma batun ladabi. Yahari ita ce siga ta rubutu da ta gaban manya. Yappari ta hirar yau da kullum ce. Yappa kuwa ta abokai ce, kuma furta ta a gaban shugaban kamfani tamkar mutum ya shiga fadar hakimi ne ya ce, "Kai, ya dai?"

Kunnen da aka haifa da shi

Wajen furuci ma Bahaushe na da jari. Ana danna "p" ɗin yappari sau biyu, kuma wannan dannawa na sauya ma'ana a Japananci: kite na nufin zo, kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa. Bature yakan sha wuya kafin kunnensa ya kama bambancin, amma wanda ya san daba ba dabba ba ce ya gama da wannan darasi tun yana goye. Haka tsawon wasali: obasan gwaggo ce ko inna, obāsan kaka ce, kamar yadda gashin kai ya bambanta da gashin nama. Matsala ɗaya ita ce Hausa ba ta raba "p" da "f", don haka sai an kula kada ta fito "yaffari".

Ba yau ne kuma sunayen Japan suka shiga bakin manomin Arewa ba. Ban da Honda da Yamaha da Ajinomoto, akwai Sasakawa, sunan wani attajirin Japan da gidauniyarsa ta ɗauki nauyin shirin bunƙasa noma da ya shigo Najeriya a 1992. Ta ɗaya ɓangaren, wani malamin jami'a a Tokyo, Matsushita Shuji, ya yi bincike a kan harshen Gwandara, ya kuma yi aikin mayar da ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 zuwa kwamfuta.

"Ilai kuwa"

Yappari na da 'yar uwa da ta fi ta tsauri, ita ce an no jō. Gaɓa uku ce: an na nufin tunani ko shiri, no na nufin "na", jō kuma abin da ya tabbata. A dunƙule, tabbatar abin da aka yi tunani.

Ba a sayen shayi da ita, ba a fasa tafiya da ita, ba a yabon tuwon gida da ita. Aikinta ɗaya ne: ba da labarin abin da ya riga ya faru kamar yadda aka hango, kuma galibi abin ba mai daɗi ba ne. "Muri o shite, an no jō byōki ni natta." Ya takura wa kansa da aiki, ilai kuwa ya kwanta ciwo.

Da wuya a samu fassarar da ta zauna daram kamar wannan. "Ilai kuwa" ma ba ta zuwa sai a tsakiyar labari, bayan an yi gargaɗi an ƙi ji. An ce masa kada ya bi hanyar nan bayan la'asar, ya ƙi. Ilai kuwa. Sau da yawa mai ba da labarin ba ya ma ƙarasawa, masu sauraro sun riga sun fara salati.

Harafin an ɗin nan shi ne kuma a farkon kishiyarta, angai, wadda ke nufin abin da ya faɗo a wajen tunani. Ita ce "ashe" ta Hausa: ashe jarrabawar ba ta da wuya. Idan kuma zaton alheri ne ya tabbata a kan mutum, ana so a yaba masa, sai a ce sasuga, kamar a ce "ai sai kai" ko "ba a banza ba, ɗan gado ne". Ɗalibin da ya jera waɗannan huɗu a gefen dama, ilai kuwa, ashe da sai kai, ya huta da shafi guda na bayanin Turanci.

Inda kalmar ta yi nauyi

A Wonaka da maƙwabtanta, "ilai kuwa" ta daɗe da barin zancen hadari da ruwan sama. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga na addabar Zamfara, kuma mutanen karkara sun koyi karanta alamu kamar yadda kakanninsu ke karanta gajimare. An ga baƙin babura a bakin daji. An aiko da saƙon kuɗin da za a biya kafin a shiga gona. Gero ya nuna, dawa ta sunkuya, kowa ya san lokacin da ake zuwa karɓar rabon da ba a noma ba. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wadda ba za ta yi kyau ba ma haka ne.

Jerin abubuwan da suka faru a makarantu ya isa misali. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara da ke Jihar Katsina, maƙwabciyar Tsafe. A watan Fabrairun 2021 aka shiga Kagara a Jihar Neja. Ranar 26 ga wannan wata aka ɗauki 'yan mata 279 a Jangebe. A watan Yunin 2023 ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau suka tare babbar hanya suna kokawa da sace 'yan uwansu, sannan ranar 22 ga Satumbar shekarar aka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida da ke Ƙaramar Hukumar Bungudu aka tafi da wasu, yawancinsu mata. Babu ɗaya daga cikin na baya da za a ce ya zo ba tare da Larabarsa ba.

Haka sulhun da gwamnatin Bello Matawalle ta ƙulla da 'yan bindiga a 2019. An samu sauƙi na ɗan lokaci, amma zuwa Satumbar 2021 gwamnatin ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Garin Gusau ya samu sabis a farkon Oktoba, sauran wurare suka ci gaba da jira. Duk wanda makarantarsa ke cikin wayarsa a lokacin, makarantar ta rufe tare da kasuwa.

Abin lura shi ne kalmar da kowane ɓangare ke zaɓa bayan an yi ɓarna. Mutumin ƙauye yakan ce "ilai kuwa". Sanarwar hukuma kuwa ta fi son "harin ba-zata". Bambancin ba na salon magana ba ne. Wanda ya ce ba-zata ya wanke hannunsa, domin ba a tuhumar mutum a kan abin da babu wanda ya hango. Wanda ya ce ilai kuwa yana nufin an sani, an faɗa, akwai wanda ya ji bai motsa ba.

Japan ma ta taɓa yin wannan rigima, kuma a kan kalma. Ranar 11 ga Maris na 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0 ta tayar da igiyar ruwa da ta mamaye tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, lamarin da ya raba fiye da mutum 100,000 da gidajensu. Kalmar da jami'ai suka riƙa maimaitawa ita ce sōteigai, wato abin da ya wuce duk wani hasashe. Daga baya ta bayyana cewa tun a 2008 wani lissafi na cikin gida a kamfanin TEPCO mai tashar ya nuna igiyar ruwa na iya kai mita 15.7. A watan Yulin 2012 kwamitin bincike mai zaman kansa da majalisar dokokin ƙasar ta kafa, ƙarƙashin Kurokawa Kiyoshi, ya yanke cewa bala'in aikin ɗan Adam ne, kuma ana iya hango shi a kauce masa. Ma'ana, abin da aka kira sōteigai ashe an no jō ne.

Sai dai a can an kafa kwamiti ya bi takardu ya tabbatar da wanda ya san me, kuma yaushe. A ƙauyukan Zamfara gargaɗin yakan tsaya ne a kiran waya da dare ko a bakin mai unguwa, babu takardar da za a ɗauko gobe. Shi ya sa "dama" ta wannan yanki ke fita da gajiya, ba da tuhuma ba. Mutum na faɗarta ne yana ɗaure kaya a kan amalanke.

Abin da ya rage bayan Kisarazu

Ga matashin da har yanzu Japan ke ransa, ƙofofin da ke akwai su ne waɗanda dama suke nan kafin Agustan 2025. Akwai tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake kira MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadancinta a Abuja. Akwai shirin ABE da aka sanar a taron TICAD na 2013, mai kai matasan Afirka yin digiri na biyu tare da sanin makamar aiki a kamfanonin ƙasar. Babu ɗayansu da ake saye a hannun dillali, kuma duk wanda ya nemi kuɗi da sunan bizar Kisarazu yana sayar da abin da ƙasashen biyu suka ce babu shi.

Jarrabawar JLPT kuwa ana yin ta ne a watan Yuli da Disamba, ko da yake wasu cibiyoyin ƙasashen waje sau ɗaya suke yi a shekara. Tana da sashen sauraro, inda ake kunna gajeriyar hira sau ɗaya tak. Irin hirar da masu shirya tambayoyi ke so ita ce ta mutum biyu a gidan abinci ko a tashar jirgi: mace ta ce za ta ci kifi, namiji ya ce naman wurin ya fi daɗi, ta yi jim, sannan ta ce yappari, ta ambaci abin da ta tsayar. Tambayar ita ce, me ta saya a ƙarshe? Amsar na cikin kalmomi biyu ko uku da suka biyo bayan yappari, kuma ba a maimaita faifan.